Dokokin Auta a Teburin Sista

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi a sashen gaggawa na asibiti kafin ta ajiye aiki, kuma har yau ba mai kiran ta da wani suna sai wannan, har mijinta in ya manta. Ta ɗinke kawuna, ta danne jijiyar da ta fashe da tafin hannunta, ta rufe idanun mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. Saboda haka ranar da aka miƙa mata takarda mai hatimin kwamitin ɗakin karatu, wai za a koya mata abin da ya dace a faɗa game da jini da mutuwa, sai da ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa, don ta tabbata ba idonta ne ke yi mata wasa ba.

Abin da ya jawo takardar kuwa wasa ne. Ɗanta na fari ya bar mata shi lokacin da aiki ya kai shi nesa: kwali guda cike da littattafai masu kauri, da taswirori, da wasu 'yan ƙwayoyi irin na ludo, sai dai waɗannan wata fuskarta takwas, wata goma sha biyu, wata ashirin. Mutum uku ko huɗu ne za su zauna a tebur. Ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama bakinsa da ƙafarsa. Mai labari ya ce ga halin da ake ciki, kai kuma ka ce ga abin da mutuminka zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ƙwaya: lamba ta yi sama ka yi nasara, ta yi ƙasa ka sha ƙasa. Da farko Sista ta ɗauka shiririta ce. Da zaman gida ya ishe ta sai ta buɗe littafi ɗaya, kafin wata biyu ta zama ita ce mai riƙe labari.

Duk Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida suke haɗuwa a wani ɗaki da ke saman ɗakin karatu na unguwa. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne: dogon tebur mai gajeruwar ƙafa ɗaya da aka tokare da tsohon ƙamus, fanka mai kuka, da ƙofar da makullinta ya lalace tun bara, iska kaɗan sai ta buɗe.

Su uku ne 'yan wasanta. Akwai Malama, mai koyar da lissafi a makarantar sakandare, macen da ko biro ba ta taɓa ara ta manta ba ta mayar ba, amma a tebur ɓarauniya ta zaɓa, mai hawa katanga da yanke aljihu. Akwai Lauya, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai murya kamar ya haɗiyi lasifika, wanda mutuminsa sojan haya ne mai gatari. Sai Direba, dattijo mai ƙarancin magana da ya yi shekara arba'in yana jan doguwar bas. Shi mai fito ya zaɓa, wato mai tsallakar da mutane kogi a kwale-kwale. Shekara biyu da suka wuce matarsa ta rasu yana kan hanya, wayarsa ba caji, ya iso gida ya tarar har an dawo daga maƙabarta. Ranar da suka fara sabon labari, shi da kansa ya tsaya bayan kowa ya fita ya ce, "Sista, ki ba mai fiton nan mata. Kuma ki sa ta kwanta ciwo." Sista ta dube shi, ba ta tambaye shi dalili ba. Ta rubuta.

Wata uku ke nan suna kan labarin. Annoba ta faɗa wa wani gari na bakin kogi, matar mai fito tana cikin waɗanda suka kamu, magani kuma yana bayan duwatsu, tafiyar kwana tara. Sun je, sun samo, suna hanyar dawowa 'yan fashi suka tare su. A nan Lauya ya ja musu. Ƙwaya ta ba shi ashirin cif, sai ya miƙe tsaye, ya shiga bayanin yadda gatarinsa ya raba kan shugaban 'yan fashi biyu, da inda ƙwaƙwalwa ta fallatsa, da launin abin da ya biyo baya. Sista ta ce, "Ya isa, ya mutu, zauna." Bai zauna ba. Iska ta tura ƙofa, wata mata da ke saukowa daga sashen yara riƙe da 'ya'yanta biyu ta ji komai tiryan-tiryan. Ta wuce kai tsaye ofishin sakataren kwamiti.

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Sakataren nan ba kowa ba ne illa Auta, ƙanen mijin Sista. Lokacin da ta shigo gidansu amarya yana ɗan shekara tara, ita ta yi masa maganin makero, ita ta riƙa shanya katifarsa a bayan ɗaki don kada yayyensa su gani su yi masa waƙa. Yanzu ya kai hamsin, ya ajiye tumbi, ya yi ritaya daga wani ofishin da ba wanda ya taɓa gane aikin da yake yi a ciki, ya samu kujerar sakatare ya riƙe ta kamar gadon ubansa. Wata shida yana neman abin da zai rubuta wa doka bai samu ba.

Da kansa ya kawo mata takardar har falo.

"Matar Yaya, ba ni na ce ba, kwamiti ne ya ce."

"Kwamitin su wa? Kai da mai shagon fenti da wancan da ke barci a taro?"

"Mutum biyar ne. Kuma duk sun sa hannu."

Ta karanta a bayyane, tana jan kowace kalma. Sunan takardar Ƙa'idojin Wasa Mai Tsafta Domin Iyali, dokoki goma sha bakwai. Ba a ambaton jini. Ba a ambaton makami mai kaifi. Ba a kashe kowa, mutum ko dabba ko dodo. Ba a ambaton cuta mai tayar da hankali. Ba sata, ba ƙarya, ba cin amana, sai dai in mai yin su zai tuba kafin a tashi. Doka ta goma sha bakwai ta ce kowane labari ya ƙare cikin farin ciki.

"Auta," ta ce, "a teburin nan wanda ya fi kowa ƙuruciya yana da furfura a gemu. Iyalin wa za mu kare? Ka sa a gyara makullin ƙofa, ka manna takarda ka ce na manya ne, magana ta ƙare."

"Gyaran ƙofa aikin kwamitin gine-gine ne. Ni tarbiyya ce a hannuna."

"Kai ɗin?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce ranar Asabar zai zo da kansa ya zauna ya ga yadda za a bi dokokin, in an bi a ci gaba, in an karya a rufe. Ta raka shi ƙofa da ido kawai. A ranta ta ce, mutumin da bai taɓa karanta littafi ɗaya ya kai ƙarshe a ɗakin karatun nan ba, shi ne yau mai gadin labari.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Ya sa babbar riga, ya zauna a ƙarshen tebur da takardarsa da jan biro, a gabansa kuma ga wata 'yar ƙararrawa irin ta kan kantar otal, wadda ake bugawa da tafin hannu. Ya bayyana cewa duk wanda ya taka doka zai ji ƙara, sai ya gyara maganarsa.

Sista ta shimfiɗa taswira ta ce, "To. Kun baro gawarwakin 'yan fashi a bayanku..."

Ƙararrawa ta yi ƙara.

"Doka ta uku. Ba gawa. Kuma 'yan fashi ma kalma ce mai nauyi."

"Me zan ce?"

Auta ya duba sama yana tunani. "Ki ce baƙi marasa tarbiyya. Sun gaji sun kwanta."

"Kun baro baƙi marasa tarbiyya sun gaji sun kwanta," in ji Sista, muryarta a bushe kamar mai karanta sunayen marasa lafiya. "Ɗaya daga cikinsu ya kwanta a wuri biyu."

Malama ta sunkuyar da kai tana gyara fensirinta. Lauya ya ce zai goge gatarinsa, aka buga masa ƙararrawa, gatari ya koma sandar dogarawa. Suka iso wata gada mai kuɗin shiga, Malama ta ce za ta zare mabuɗin daga aljihun mai gadi. Ƙararrawa.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce da ladabin da ya fi zagi ciwo. "Zan ari mabuɗin ba da saninsa ba, da niyyar tuba kafin ƙarfe shida."

Auta ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu da jan biro. Bai gane ba. Wannan ne ya fi ba Sista haushi: ko ba'a aka yi masa sai ya ɗauka biyayya ce. Cikin awa ɗaya ya buga ƙararrawar nan sau goma sha tara, ta ƙirga. Annoba ta zama mura mai naci. Kuraye da suka biyo su a daji suka zama karnukan maƙwabta masu son wasa. Kogin da ya cika ya kusa cinye kwale-kwalen, shi ma sai da aka rage masa ruwa, don doka ta tara ta hana abin da zai sa yaro mafarki. Kuma duk ɗakin ba yaro ko ɗaya, sai manya huɗu da wani babba na biyar yana kare su daga abin da suka zo nema da ƙafarsu.

 Direba dai yana zaune da hularsa a gwiwa, in aka zo kansa ya ce, "Ina tuƙi," a wuce.

Ƙarfe biyar da rabi suka iso bakin garin. Tun wata uku da suka wuce Sista ta faɗa musu ƙa'ida, kuma a rubuce take a littafinta: kwanakin da suka ɓata a hanya za su yi musu nauyi, ranar isowa mai fito zai jefa ƙwaya mai fuska ashirin, in ya samu goma sha biyu ko sama sun tarar da matar da rai. Ta tura masa ƙwayar. Ya ɗauka da manyan yatsunsa da sitiyari ya sa suka yi kanta, ya jujjuya, ya sake ta a hankali.

Huɗu.

Fanka ta ci gaba da kukanta. Sista ta dubi lambar, ta dubi Direba. Ta san da za ta iya cewa ƙwayar ta jingina da littafi, a sake jefawa. Ta kuma san ba zai yafe mata ba in ta yi haka.

"Ka ɗaure kwale-kwale ka hau tudu da gudu, maganin yana ƙirjinka," ta ce a hankali. "Ƙofar gidanka a buɗe. Maƙwabciyarku tana zaune a bakin gado tana yi mata fifita. Tana numfashi, amma irin numfashin da magani ba ya kamowa. Ta buɗe ido ta gan ka. Kana da ɗan lokaci kaɗan kafin ta cika."

Ƙararrawa ta yi ƙara har sau biyu.

"A'a, a'a, matar Yaya. Doka ta uku da ta goma sha bakwai. Ba za ta cika ba." Auta ya yi murmushin mai kawo mafita. "Ga yadda za a yi. Ya iso ya tarar ta yi tafiya. Ta tafi ƙauyen kakarta hutawa, ta bar masa saƙo cewa tana lafiya. Kin ga kowa ya huta."

Direba ya ɗago kai. Tunda suka fara wasan nan Sista ba ta taɓa ganin ya dubi mutum ido cikin ido haka ba.

"Ba ta yi tafiya ba," ya ce.

"Baba, ai wasa ne, don a kiyaye..."

"Na ce ba ta yi tafiya ba. Wata uku ina tuƙi don in iso. Na iso. Tana nan a kan gado, an ce ta gan ni." Muryarsa ba ta tashi ba, sai dai hular da ke gwiwarsa ta lanƙwashe a hannunsa. "Kai wane ne da za ka ɗauke ta kafin in zauna?"

 Auta ya san labarin Direba sarai, har gaisuwa ya je. Amma irinsa in takarda na gabansu, ba sa ganin mutum sai layi. Ya laluba dokokinsa da yatsa kamar amsar tana ciki.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila kunya ta yi aikinta. Sai Lauya ya ga fage ya samu. Ya miƙe, ya ture kujera, ya gyara wuyan riga kamar yana gaban alƙali.

"Wannan shi ne abin da nake faɗa! Danniya ce! Mu manya ne, muna da 'yancin mu ga gaskiya tsirara. Sista, kada ki rage komai. Faɗa mana yadda annobar ta cinye ta. Ƙurajen, da ruwan da ke fita, da warin ɗakin, da yadda fatar ke saɓulewa. A faɗa duka, ya ji da kunnensa! Labarin manya ke nan!"

Direba ya runtse ido.

Sista ta ajiye fensirinta. Ta daɗe tana haƙuri da Lauya saboda tebur na buƙatar mutum uku, yau kam tura ta kai bango.

"Zauna," ta ce.

"Ina kare ki ne fa."

"Kare ni? Wa ya jawo mana wannan da ƙararrawarsa in ba kai ba? Kai a ganinka labarin manya shi ne a kwance cikin mutum a baje a tebur. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ma ya iya wannan, a bayan aji suke yi." Ta nuna shi da tabarau. "Ka manta ni ce a bakin aiki ranar da aka kawo ka gwajin jini? Ɗan yatsa aka tsira maka. Ɗigo ɗaya. Sai da mu biyu muka ɗago ka daga ƙasa, muka ɗaga ƙafafunka sama, kana kiran mamarka. Yau kai ne mai son warin ɗaki? Na shaƙi warin nan shekara talatin da ɗaya, ban taɓa jin wanda ya san shi yana marmarinsa ba."

Malama ta yi tari ta kau da kai. Lauya ya zauna a hankali, kunnuwansa kamar a taɓa su yi jini.

Ta juya kan Auta, wanda ya fara murmushi don ya ɗauka ta dawo ɓangarensa.

"Kai kuma rufe bakinka, gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai da shi duk kanwar ja ce. Shi yana so ya leƙa gawa don nishaɗi, kai kana so a ce ba a mutuwa don kada hankalinka ya tashi. Ba wanda ya tuna da mijin a cikinku." Ta maida tabarau, ta juya ga Direba, ta sassauta murya. "Kana bakin gado. Me za ka yi?"



"Zan karɓi mafificin," in ji Direba. "In ce wa maƙwabciya ta je ta huta."

"Ta ba ka. Ta fita ta ja ƙofa."

"Sai in zauna. In gaya wa matata hanya ba kyau, shi ya sa na daɗe."

"Ta ce ta sani," in ji Sista. "Ta ce ai kullum haka kake cewa."

Direba ya yi wata 'yar dariya. Ya sa bayan hannu ya share fuska. Sista ta ba shi lokaci, sannan ta faɗi abin da ya rage cikin jimla ɗaya, ba ƙari ba ragi: matar mai fito ta cika hannunta cikin nasa, kafin rana ta faɗi.

Auta bai buga ƙararrawa ba, amma ya rubuta. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ranar Talata takarda ta biyu ta fito: an karya doka ta uku da gangan a gaban jami'in kwamiti, an kuma ci mutuncin jami'in, don haka an rufe teburin Asabar. A madadinsa kwamiti zai buɗe Teburin Iyali, yara da iyayensu, kuma sakatare da kansa zai riƙe labari, tunda ya ga yadda ake yi kuma ba wani abu ba ne.

Wannan kam Sista ba za ta bari ya wuce ta ba. Ranar buɗewa ta zo da saƙarta, ta zauna a kujerar baya cikin iyaye. Yara bakwai aka kawo, daga ɗan shekara shida zuwa 'yar shekara goma, an yi musu wanka an shafa musu mai. Auta ya share murya ya fara: wai akwai wani dodo mai kirki a bayan gari, yana baƙin ciki don ba shi da abokai, aikin yaran shi ne su je su gaishe shi su koya masa wanke hannu.

Wata yarinya mai kitso biyu da giɓin haƙori ta ɗaga hannu. "Yana cin mutane?"

"A'a, 'yata. Ganye yake ci."

"To me ya sa ake ce masa dodo?"

"Sunansa ne kawai."

"Ni zan sare masa wutsiya," in ji wani mai jar riga.

"Ba a sara. Ba mu da abin sara."

"To zan cije shi."

Ƙararrawa. Yaran suka ga abin da ke sa ta ƙara, shi ke nan, karen bana ya samu zomon bana. Wannan ya ce zai cusa wa dodon barkono a hanci, ƙararrawa. Waccan ta ce a tona rami a kafa tsinannun itatuwa a rufe da ganye tunda ganye yake so, ƙararrawa. Mai giɓin haƙori ta ce in ya faɗa ramin ita fatar take so, za ta yi wa ƙanenta takalmi. Wani ɗan shiru-shiru da bai yi magana ba tun farko ya tambaya, cikin natsuwa, ko dodo in ya mutu yana zuwa wurin da kakarsa ta je. Uwarsa ta dafa kansa. Auta ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyan babbar riga, ya duba dokokinsa goma sha bakwai bai ga inda aka tanadi wannan ba. Ya ce dodon ba zai mutu ba har abada. Yaron ya ce, "To ba gaskiya ba ne," ya sauka daga kujera ya tafi wurin taga.

Ko minti arba'in ba a yi ba aka watse. Sista ta kammala hannun rigar da take saƙawa, ko murmushi ba ta yi ba, don abin ya wuce a yi masa dariya. Mako na biyu yara biyu suka zo, su ma na mai shagon fenti ne, an tilasta musu. Mako na uku Auta ya zauna shi kaɗai da fanka.

Su kuwa suka koma falon Malama, inda tebur ke da ƙafa huɗu daidai kuma ƙofa na rufuwa. Ba a gayyaci Lauya ba. An ji ya buɗe nasa teburin a ofishinsa, ya sa masa suna mai ban tsoro, ya tara abokai huɗu, suka zo sau biyu suka gaji da jin mutum ɗaya yana yanka mutane da baki. Wani mai gyaran agogo da ƙanwar Malama suka cike gurbin. A zaman farko aka yi jana'izar matar mai fito, ɓarauniya ta sato farin ƙyalle daga shagon wani attajiri don a rufe ta, ba ta kuma tuba ba. Bayan nan Direba ya ce mai fito zai raba sauran maganin gida-gida, tunda an riga an ɗauko.

Wata guda bayan haka Auta ya zo gidan yayansa, ya zauna a falo yana ta kewaye-kewaye, ya yabi labule, ya tambayi lafiyar ɗan da ke nesa. Da ƙyar ya kai ga magana. Wai iyaye suna tambaya, wai yaran sun ce a kawo wadda ta iya, wai kwamiti na ganin ko matar Yaya za ta taimaka da Teburin Iyali, na ɗan lokaci.

"Da dokokinka?"

"To, ai an riga an buga su."

"Ka kai su sashen yara, bayan takardar fari ne, sa yi zane." Ta ci gaba da saƙa. "Zan zo ran Alhamis. Dodona yana cin mutane, ka sani tun yanzu. Ba zan nuna musu hanji ba, ba kuma zan ce musu ba a mutuwa ba. Na san abin da ake gaya wa ɗan shekara shida, na gaya wa ɗaruruwa a bakin gadon iyayensu lokacin kana ofis kana jera fayil. Uwar da ba ta so ta riƙe ɗanta a gida, ba faɗa."

"Kwamiti zai so a ce ƙarƙashin kulawata ake yi."

"A ce mana. Ka zauna a ƙasa wurin kantar aron littattafai ka riƙa kulawa daga can."

Haka aka yi. Ran Alhamis ɗakin sama ya cika har ana aro kujeru daga sashen jaridu. A rahoton ƙarshen shekara, Auta ya rubuta shafi uku kan yadda sakatare ya tsaftace wasannin ɗakin karatu ya kuma ninka yawan yara sau huɗu, kwamiti ya tafa masa, aka ba shi takardar yabo a cikin firam. Ya kawo ta gidan yayansa don a gani. Sista ta karɓa, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta nuna masa inda aka yi kuskuren rubutu a kalmar tarbiyya, ta miƙa masa abarsa.